Lafiyar Iyali: Me Ke Sa Haƙori Girgiɗa?

 In haƙorin babba ya soma girgiɗa, sai a ce tsufa ne. Amma sau da yawa ƙashin muƙamuƙi ne da ke riƙe da shi ya zaizaye. Mutanen Argungu sun san yadda gulbi ke cin gaɓa ta ƙasa har itace ya faɗi, ganyensa kore shar. Haka lafiyayyen haƙori ke faɗuwa.

Allah ya sa ma'aikata iri biyu cikin ƙashinmu, masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo. Muddin aikinsu ya yi daidai, ƙashi na nan da ƙarfinsa. To, in dauɗa ta taru a gindin haƙori, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, sai dasashi ya kumbura. Ƙwayoyin jini masu tsaron jiki su taru wurin domin yaƙi, su riƙa sakin wani sinadari mai kai saƙo. Masana a Amurka da Japan sun gano shi a 1997 da 1998, ana ce da shi RANKL. Shi ke tā da masu rushewa. Jiki yana da wani sinadarin kuma, OPG, mai tare saƙon a hanya. In kumburi ya daɗe, saƙon ya fi ƙarfin mai tarewa, rushewa ta fi gini yawa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Abin yakan tafi a hankali, ba zafi. Alamarsa ta fari ita ce jini a kan asuwaki ko buroshi, da warin baki. Shan taba da ciwon sukari suna ƙara masa gudu. Saboda haka a goge haƙora safe da dare, har gindinsu. In jinin ya ƙi tsayawa, a ga likitan haƙori a Birnin Kebbi tun haƙori bai motsa ba.

Iyaye mata, ku riƙa duba bakin yara, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Gyambon dasashi da kumburin kunci na iya cin nama da ƙashi cikin 'yan kwanaki. A kai shi asibiti ran nan. Akwai asibitin yara na wannan cuta a Sakkwato tun 1999.

Jikin nan amana ce daga wurin Allah.