An ƙone ƙwaya, saura yaron da ke kwance a ɗaka

Ranar 26 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, hukumomi kan tara abin da ƴan duwan da jandarmomi suka kama, a cinna masa wuta gaban manyan baƙi. Wannan ba laifi ba ne. Birnin Ƙonni gari ne na kan iyaka, kuma a kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi yake, don haka tramol ba baƙuwa ba ce a tasharsa. Ƙasa tana da dokar yaƙi da ƙwaya tun 1999, tana kuma da ofishin OCRTIS mai farautar dillalai. Sai dai bayan hayaƙi ya lafa kowa ya watse, akwai wanda ba a tuna da shi: uban da ɗansa ya ce ya daina.

Daga nan ne wahalar gida take farawa. Saurayin da ya saba haɗiyar ƙwaya mai miligiram 225 domin ya jure ban ruwan albasa a Galmi, ko dakon siminti a Malbaza, ko yini bisa kabu-kabu, ba zai ajiye ta dare ɗaya jikinsa ya ƙyale shi ba. Zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da saurin fushi duk za su taso masa. Uwa ta ce iskoki ne, uba ya ce iskanci ne. Alhali ciwo ne sananne, wanda likita ke bi da shi ta rage ƙwayar sannu a hankali. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba ya fi wannan haɗari: yaron da ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya manta sabo, in ya koma ya haɗiyi yawan da ya saba a da, yana iya faɗuwa da farfaɗiya ko numfashinsa ya ɗauke.

To, ina uba zai nufa? Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda ake kira Pavillon E, yana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Manomin wani ƙauyen Illela sai ya kai bisashensa kasuwa kafin ya haɗa kuɗin mota, na magani da na ɗan jinya. Shi ya sa wasu ke kulle yaro a ɗaka, wasu su yi masa auren gaggawa, su ɗora wa ɗiyar mutane jinyar da ta gagare su. Wasu kuwa sukan ƙetara iyaka su miƙa shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sandan Nijeriya sun fito da mutane fiye da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, bisa zaton gyara.

Bai dace a bar uba da zaɓi tsakanin sarƙa da tafiyar Yamai ba. Wajibi ne asibitocin gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela kowanne ya samu ma'aikacin lafiya da aka horar kan wannan jinya, da ranar da aka tsayar ta ganin iyaye cikin sirri, a kuma riƙa sanar da ita da Hausa a gidajen rediyo, limamai su maimaita ranar Juma'a. Tunda ana samun kuɗin rumfa da kujerun bukin ƙona ƙwaya, ministan lafiya da gwamnan Tawa su faɗa wa jama'a nawa aka tanada domin wannan ma'aikaci a kasafin kuɗin baɗi.