Gonakin Ifugao Ba Kayan Kallo Ba Ne

A tsaunukan arewacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, al'ummar Ifugao sun sare gangaren duwatsu, sun mayar da shi gonakin shinkafa hawa-hawa, kowace da katangarta ta dutse ko ta laka. A 1995 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya. A 2001 ta ayyana su cikin haɗari, ba a cire su daga wannan jerin ba sai 2012. Da wuya matafiyin da ke ɗaukar hoto a ƙauyen Batad ya tambayi dalili.

Dalilin kuwa shi ne katanga ba ta tsayuwa da kanta. Mamakon ruwa da zaftarewar ƙasa suna rushe ta, manyan tsutsotsi suna huda ta, kuma da hannu ake gyarawa, domin babu taraktar da za ta hau can. Ruwan ban gonakin yana gangarowa ne daga kurmin da iyalai ke tsarewa a saman tudu, wanda suke kira muyong. Shinkafar gargajiya, tinawon, sau ɗaya ake girbe ta a shekara, kuma sau da yawa ba ta kai gida ga kaka mai zuwa. Shi ya sa matasa ke tafiya birane, gonaki suna komawa saura.

Duk da haka baƙo yakan yi ƙorafi cewa rufin kwano ya ɓata masa kyan wuri. Yana son manomi ya dawwama a bukkar ciyawa domin hoto ya yi kyau, alhali shi da kansa ba zai jure mako guda yana dashe cikin taɓo ba. Ya biya mai otal, ya biya direba, amma wanda ya ɗora dutse kan dutse bai ga sisinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har labarin da ake sayar masa yana da gyara. An daɗe ana cewa gonakin sun shekara 2,000, amma binciken Stephen Acabado, masanin kufai, ya nuna yawancinsu ba su wuce shekara 400 ba, kuma sun bunƙasa ne a zamanin mulkin mallakar Sifaniyawa. Wato aikin mutane ne da suka sauya rayuwarsu don su tsira da 'yancinsu. Da wane hurumi za a hana jikokinsu sauyawa?

Ba a ce kada a je ba. Amma mai zuwa ya sauka a gidajen mutanen ƙauyen, ya ɗauki ɗan jagora daga cikinsu, ya sayi shinkafarsu ba tare da neman ragi ba, ya kuma tambayi hukuma kashi nawa na kuɗin shiga ke zuwa gyaran katanga. Ranar da manomin ƙarshe ya ajiye fartanyarsa, daji zai cinye abin da ake zuwa kallo.