Maganar Sanƙo: Amsa Ga Auta Da Sauran Masu Tambaya

 

Dalilin wannan wasiƙa shi ne Autanmu ya bugo mini waya, murya ƙasa-ƙasa, wai "Yaya, a taimaka a aiko mini da maganin sanƙo na Turawa kafin biki." Bikin kuwa saura wata 2. Tun da ni ma madubi ya daɗe da faɗa mini gaskiya, bari in amsa wa kowa a lokaci ɗaya: ba zan aiko ba, ga kuma dalilina.

Sanƙon maza gado ne, daga dangin uba ko na uwa. Ba hula ce ke kawo shi ba, ba kuma yawan tunani ba. Wani sinadari ne a jikin namiji da ake kira DHT yake tsuke tushen gashi a hankali, har gashin ya sirance ya daina fitowa. Don haka man kaɗanya da man habbatus-sauda za su gyara fatar kai, amma ba za su tsayar da shi ba.

Magunguna biyu ne likitoci suka fi amincewa da su. Na farko minoxidil, wanda ake shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shan sa suna tsirar da gashi, Amurka ta amince da na shafawar a 1988. Na biyu finasteride, ƙwaya mai miligiram 1 kullum, wadda aka amince da ita a 1997, aikinta rage DHT ɗin nan. Duka biyun sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma sun fi ƙarfi wajen riƙe gashin da ya rage fiye da dawo da wanda ya tafi. Ranar da ka daina, sanƙo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka ga ke nan, Auta, ko gobe na aiko, da hularka za ka je ɗaurin aure.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayar. Wasu ƙalilan daga masu shan ta suna samun raguwar sha'awa ko ƙarfin namiji, wasu kuma ƙuncin zuciya. A 2024 hukumar kula da magunguna ta nan Birtaniya ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a cikin kwalinta. Mace mai ciki ma ba a so ta taɓa wadda ta fashe. To, wannan ce zan ɗaure a leda in aiko wa ango ba tare da likita ya gan shi ba? Ina!

Akwai kuma dashen gashi, wanda mutane ke tururuwa zuwa Turkiyya saboda arha. Gashin ƙeya ake cirewa a dasa a gaba, ba ya hana sauran zubewa. Ga namu gashin a murɗe yake har cikin fata, cire shi sai gwani, kuma fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shawarata: wanda abin ya dama, ya je wurin likitan fata tun da sauran gashi, musamman idan zubewar tabo-tabo ce ko da ƙaiƙayi, don wataƙila makero ne ko wata cuta mai magani daban. Wanda bai dama ba, ya yi irin tawa: aski ƙwal, hula a kai, kuɗi a aljihu. Auta, ka tuna Baba da sanƙonsa ya auri Inna, ga mu nan kuwa.

Allah Ya sa a yi biki lafiya. A gaida su Inna da kowa da kowa.

Naku,
Yaya na Ingila