Darasin Tarihi: Na'ura Ta Raya Aji, Amma Kada Ta Zama Marawaici

Tun daga ƙarshen 2022 da manhajar ChatGPT ta fito, ake ta kwaɗaita wa malaman makaranta amfani da ƙirƙirarriyar basira don raya darasin tarihi, wanda yara da yawa ke kallo a matsayin haddar sunaye da shekaru. Ni ban ƙi wannan kira ba. Fannin da aka zare daga manhajar karatun firamare da ƙaramar sakandare tun a 2007, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da horar da malamai don dawo da shi, yana bukatar duk wani taimakon da zai samu. Sai dai akwai iyakar da ya kamata a shata tun yanzu.

Mu ɗauki malamin da ke koyarwa a Lambara, cikin ƙaramar hukumar Shagari. Tarihin da ake so ya koyar ba a wata uwa duniya ya faru ba. A Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Yana zaune a can ne, a 1812, ya raba ragamar mulki tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya yi zama a Boɗinga, da ɗansa Muhammadu Bello. Irin wannan malami, idan ya samu waya da ɗan kuɗin data, na'urar za ta iya tsara masa tambayoyin muhawara, ko wasan kwaikwayo na fatake a hanyar kasuwa, ko ta sauƙaƙa masa dogon bayanin Turanci daidai da fahimtar ɗan aji biyar. Wannan aikin awa guda ne da za a gama cikin mintuna, kuma madalla da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, waɗannan manhajoji daga abin da ke kan intanet suka koya, mafi yawansa da Turanci. Tarihinmu kuwa akasarinsa yana cikin rubuce-rubucen Larabci da ajami, irin waɗanda ke ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna, ko kuma a bakin dattawa. Inda na'ura ba ta da sani, ba kasafai take yin shiru ba. Sai ta ƙaga amsa mai daɗin ji, da shekara da suna, ta miƙo ba tare da ko ɗar ba. Yaro kuwa abin da ya fito daga allon waya ya fi gaskata shi a kan na allon aji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salon da ake yayi a ƙasashen Turai da Amurka, na sa na'ura ta yi magana da bakin mutanen da suka shuɗe don yara su yi musu tambayoyi. A ganina bai dace a sa wa Shehu ko Malam Abdullahi maganar da ba su faɗa ba, alhali ga Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙat, inda masu jihadin suka ba da labarinsu da alƙalaminsu. Al'ummar da ta ginu a kan tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, ba za ta karɓi ruwaya marar isnadi ba don kawai ta zo da armashi.

Neman hanyar jawo hankalin ɗalibi ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu ta hanyar rerawa.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato da ta haɗa kai da masana tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su fitar da taƙaitattun bayanai ingantattu da Hausa, waɗanda malami zai riƙa ba na'ura ta gina darasi a kansu, ya kuma duba abin da ta fitar kafin ya shiga aji. Sannan a ware kuɗin mota, ko sau ɗaya a zango, a kai yaran Lambara su ga Sifawa da idonsu.