Kafin Kalangu Ya Yi Shiru

'Yan uwana ɗalibai, kowa ya duba wayarsa. Da wuya a rasa waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo a ciki, ko da guda ɗaya ce da mutum ke kunnawa in karatu ya yi zafi. To amma mu nawa ne muka taɓa zama gaban makaɗi yana kaɗa kalangu, 'yan amshi na karɓa masa? Nan fa gizo ke saƙa. Muna son kiɗan gargajiya, amma na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Masu rai kuwa ko kallo ba su ishe mu ba.

Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Sa'ar da muka yi, an naɗi muryoyinsu a faifan garmaho da kaset, gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna suka adana. Haruna Uji na Haɗeja, ɗan jiharmu, da ba a naɗi gurminsa ba, da yau sai dai labari. Amma mai gangar noma a ƙauyukan Roni da Gwiwa, da mai kalangun mahauta a ƙasar Ɓaɓura, da matan da ke kiɗan ƙwarya a gidajen biki a nan Kazaure, wa yake naɗarsu? Ranar da tsoho ya kwanta dama, taken manoman garinsu da kirarinsu sun bi shi kushewa, don ɗan da zai gaje shi yana Kano ko Legas neman na kansa.

Wani zai ce ai kullum sababbin waƙoƙi ake saki. Gaskiya ne, kuma ban raina aikin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa ba. Sai dai galibin abin da ke fitowa daga situdiyo yau da fiyano da kwamfuta ake haɗa shi. A kwaikwayi sautin kalangu, a sa ya yi ta maimaita kansa har waƙa ta ƙare. Kalangu na gaske kuwa magana yake yi. Makaɗi na matse igiyoyin jikinsa a hammata, sauti ya hau ya sauka daidai da karin harshen Hausa, har ya kira sunan mutum ya yi masa take bai buɗe baki ba. Haka kuma mawaƙin da ke tsakiyar fili yana duban idon jama'a, ya hango wani ya shigo, nan take ya saƙa shi cikin waƙa. Wannan gwaninta ba a iya zuba ta a memori. Sai an zauna an koya, kuma babu yaron da zai koyi sana'ar da ya ga ba ta ciyar da ubansa.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A tsibiran Hawai da ke ƙarƙashin Amurka, wata doka ta 1896 ta mai da Ingilishi harshen koyarwa, harshensu ya kama hanyar mutuwa, waƙoƙinsa na biye. A shekarun 1970 matasa suka miƙe, suka koma wajen tsofaffi suna koyo suna naɗa. Bikin Merrie Monarch da ake yi a garin Hilo tun 1964 ya zama fagen gasar rawar hula, sannan daga 1978 suka fara ba da lambar yabo ta Na Hoku Hanohano ga faya-fayensu. Abu biyu suka haɗa: sabon naɗi da wasa a gaban jama'a.

Na san akwai waɗanda ke ƙyamar kiɗa saboda dalilin addini, akwai kuma masu cewa roƙo ne kawai. Ra'ayinsu abin girmamawa ne, kuma ba kiran sharholiyar dare nake yi ba. Amma tunda dai a bukukuwan ɗalibai ana biyan DJ ya girke lasifika, me zai hana wani kaso na kuɗin ya shiga aljihun makaɗin da zai zo da rana tsaka, malamai na zaune, ya nuna mana kiɗan noma ko na dambe?

Ga shawarata ga ƙungiyarmu. Duk bikin ranar al'adu a gayyato aƙalla makaɗi ɗaya daga garuruwan nan da ke kewaye da mu, a yi ciniki da shi a biya shi haƙƙinsa, kada a bar shi da jiran liƙi. 'Yan sashen kwamfuta da na lantarki su naɗi wasan da na'ura mai kyau, a rubuta sunan makaɗi da garinsu da ranar da aka yi, a ajiye a laburare. Mai neman abin da zai yi furojet a kai, ga shi nan a ƙofar gida. Kuma kada a ɗora komai a YouTube sai da yardar mai shi, in kuɗi ya shigo a ba shi rabonsa. Mun ga yadda masu turi ke cika memori da waƙoƙin magabata a kasuwa suna karɓar kuɗi. Kada mu zama irinsu.

Mu 'yan kimiyya da fasaha ne. Kayan aiki na hannunmu, makaɗan kuma suna nan da ransu, tafiyar da ba ta kai ta yini ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa shugabanninmu su ji.