Daga Teburin Mai Shayi Zuwa Holan

Da muka je hutu Kirikasamma, wani ƙanenmu ɗan aji biyar ya tare mu da magana a teburin mai shayi. Wai a makarantarsu wani ya ce Hausa ba cikakken harshe ba ce, tunda mota da tebur da makaranta duk aro ne, Turanci kuwa da ƙafarsa yake tsaye. Yaron har ya fara jin kunyar ɗaukar Hausa a jarrabawar fita. Abin ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka kawo shi wannan fili.

Mu fara da abin da ke cikin kofinsa. Shayi daga Larabci muka karɓo shi. Shi kuma Bature da yake cewa tea, ba a gidan ubansa ya samo ba. 'Yan kasuwar Holan ne suka riƙa kai ganyen Turai a ƙarni na 17, suka tafi da sunan da mutanen gaɓar kudancin Sin suke kiransa, Ingilishi suka ji a bakinsu. Haka coffee: Larabawa suka ce ƙahwa, Turkawa suka ɗauka, mutanen Holan suka mai da shi koffie, sannan ya shiga Turanci. Mu da muke cewa gahawa mun ma fi su kusa da tushe.

Kalmar boss da samari ke kiran juna da ita a tashar Hadejia, asalinta baas ce a harshen Holan, wato maigida. Ta shiga Turancin Amurka ne daga mutanen Holan da suka kafa garin New Amsterdam, wanda Ingilishi suka ƙwace a 1664 suka sauya masa suna zuwa New York. Cookie ma ta nan ya bi. In kuma kun taɓa faɗuwa a rubuta yacht, ku daina zargin kanku. Sunan jirgin ruwa ne na mutanen Holan, jacht, shi ya sa baƙaƙensa suka ƙi bin yadda ake faɗarsa.

Holan ɗin ma ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ku tambayi yayyenku mata wace atamfa ake fara nema a lefe. Kamfanin Vlisco da ke buga ta yana garin Helmond tun 1846.

Mu 'yan wannan yanki bai kamata aro ya ba mu mamaki ba. Muna zaune da Mangawa da Badawa da Fulani, kasuwa ɗaya, fadama ɗaya. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno suka zo, kuma masana harshe sun nuna ita kanta kalmar kasuwa ta hannun Barebari ta iso mana. Wa zai ce yau kasuwa ba Hausa ba ce?

Ƙanen namu dai ya ce zai kai wa mai maganar labarin tea ranar Litinin. Ku ma ga aiki kafin mako mai zuwa: ku samu kaka ko kakanku, ku tambaye su nawa ake kira dala a zamanin sule, ku rubuto mana abin da suka ce.