Wasan Sitiyarin Akori-Kura: A Auna Kafin A Ɗaure

Duk wanda ya san ranar kasuwa a ƙauyukanmu ya san akori-kura. Ita ke ɗaukar buhunan hatsi da awaki da fasinjoji a lokaci guda. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne, kamar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta harhaɗa, da kuma Toyota Hilux ta shekarun 1980. Idan mai karatu ya taɓa zama kusa da direban irin wannan mota, zai lura hannunsa ba ya hutawa, yana ta juya sitiyari dama da hagu alhali hanya a miƙe take. Wannan shi ake kira wasan sitiyari. Direbobi kan ce tsufa ne kawai. A ganina wannan kuskure ne mai cin rai. Wasan sitiyari ciwo ne da yake da mazauni, ana iya auna shi, kuma wajibi ne a gano inda yake kafin a sa sifana a kan kowane noti.

Tsakanin hannun direba da taya akwai jerin ƙarafa da aka haɗa da gaɓoɓi. Sandar sitiyari na sauka zuwa ga giyar da ke mayar da juyi ya zama turi dama ko hagu. A Peugeot 404 da 504 wannan giya doguwar sanda ce mai haƙora, wadda wani ƙaramin gare mai haƙora ke turawa. A tsohuwar Hilux kuwa akwati ne mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, da hannu guda da ke fitowa daga ƙasansa. Daga nan sandunan da makanikai ke kira tayarod su kai motsin ga tayoyi. Kowace gaɓa ƙwallon ƙarfe ce a cikin kwasfa, da giris a ciki da rigar roba a waje. Da zarar robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sun sami ƙofa, sai giris ya gauraye da yashi ya dinga cin ƙarfe. Ɗan giɓin da ke kowace gaɓa ba shi da yawa, amma idan aka tara na gaɓoɓi biyar ko shida, sai direba ya juya sitiyari tayoyi ba su motsa ba.

Ɗalibin lissafi zai iya gane girman hatsarin da alƙalaminsa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan hancinta ya kauce da digiri 1 kacal, za ta gusa gefe da kusan santimita 40 a daƙiƙa guda. Cikin daƙiƙa 3 ta gusa fiye da mita guda, wato ta fara shiga hannun motar da ke tahowa. Ga kuma lodi. Idan aka tara kaya a bayan tayoyin baya, nauyin da ke kan tayoyin gaba sai ya ragu, kamar yadda ɓangare guda na sikeli ke tashi in an danne ɗayan. Tayar da ba ta danne ƙasa ba kuwa, ba ta jin umarni sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne irin maganin da aka saba yi. A saman akwatin sitiyari akwai wata kusa ta daidaitawa, mai noti da ke kulle ta. Gaggawa kan sa a ɗaure ta tamau, a ce an gama gyara. Amma idan tayarod ce ta cinye, ɗaure akwati bai taɓa ciwon ba ko kaɗan. In ma akwatin ne, haƙoransa sun fi cinyewa a tsakiya, domin mota ta fi tafiya a miƙe. Ɗaurin da ya wuce kima sai ya sa sitiyari ya yi tauri, ya ƙi komowa da kansa bayan an sha kwana, ya kuma gaggauta lalacewar akwatin. Haka nan masu bubbuga kwasfar gaɓa da guduma ko cusa mata roba don ta yi shiru. Ƙara ta ɓace, amma ranar da ƙwallon ya fice daga kwasfa, tayar ta rabu da direba ke nan.

Hanyar da ta dace ba ta bukatar na'ura mai tsada. Da farko a tsayar da mota a wuri mai lebur, tayoyi a miƙe kuma a ƙasa, a tabbatar iskarsu daidai take. Idan sitiyarin mai aiki da mai ne, a tayar da inji. Sai a yi alama da alli a bakin sitiyari, a juya a hankali har taya ta fara motsi, a auna tazarar da rula. A ƙa'idar gwajin motoci ta Ingila, ga sitiyari mai faɗin milimita 380, wasan bai kamata ya wuce milimita 13 ba a irin mai sanda mai haƙora, ko milimita 75 a irin mai akwati. Na biyu, mutum ɗaya ya dinga girgiza sitiyari, wani kuma ya bi gaɓoɓin da ido ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa taya. Duk inda ƙarfe guda ya motsa na kusa da shi bai bi ba, nan ɓarnar take. A duba har notukan da suka riƙe akwatin a jikin shasi. Na uku, a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, a tuhumi boris ko gaɓar da ke riƙe ƙafar. A kama ta gaba da baya. In ta yi motsi, a tuhumi tayarod. Gaɓar da ta cinye canja ta ake yi, a sa mata fin ɗin kulle noti na ainihi, sannan a daidaita tsayuwar tayoyi. Kusar akwati ita ce ta ƙarshe, sitiyari na tsakiya, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa.

Wani zai ce kayan gyara sun yi tsada, mai mota kuma talaka ne. Gaskiya ne. To amma bincike shi ke rage kashe kuɗi, domin wanda ya gano gaɓa guda da ta lalace ba zai sayi huɗu ba, ba kuma zai kashe akwatin da ya fi su duka tsada ba. Wani kuma zai ce tsohon direba ya san halin motarsa. Ya sani a miƙaƙƙiyar hanya. Ranar da yaro ko saniya ta faɗo titi, daƙiƙar da zai ɓata yana cike giɓin sitiyari ita ce mita 22.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da fasaha su kai ɗalibansu garejin unguwa, da alli da rula. A can za su ga lura da awo da gwada abu ɗaya bayan ɗaya, wato ainihin hanyar kimiyya da suke haddacewa a aji. Jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, su ma ya kamata su riƙa taɓa sitiyari kamar yadda suke duba takardu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan abin da ke ɗauke da rayukan mutane, a kawo mudun.